Wasiƙa daga Jamus: miyar ciyawar bayan gida

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Muna lafiya, sai sanyi. Kusan duk wanda ya kira ni sai ya tambaya, "Wai me kuke ci a can?" To ga amsa, kowa ya huta.

Kukar da na taho da ita ta ƙare tun Janairu. Alayyahon kanti kuwa ruwa ne zalla, ka cika tukunya ya narke ya bar maka cokali uku. Haka na yi ta lallaɓawa har Afrilu, ranar da na tarar da wata dattijuwa maƙwabciyata durƙushe a lambu tana tuge ciyawa tana mita. Giersch suke ce wa ciyawar. Saiwarta a ƙarƙashin ƙasa take yaɗuwa, ko guntu ka bari sai ta sake tsirowa. Ta ce ai ana cin ta. Na ce, "Baba, ba ni ita."

Sai da ta zaunar da ni ta yi min karatu. Karan ganyen yana da kusurwa uku, ganyen ya rabu uku, kowane reshe ya sake rabuwa. In ka murza sai ka ji ƙamshin karas. Ta nanata haka ne don ciyawar tana da dangi masu guba, irin su Schierling, mai kisa. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne tsinkar ganye ma da dokarta: a daji ɗan kaɗan aka yarda ka ɗiba, na cin gidanka, a gandun da aka killace kuwa ko taɓawa. Na tuna Inna da damina, ta cika ƙwarya da tafasa a bayan gari, wa zai tambaye ta? Mu kuwa muna yatsina fuska, wai abincin talaka. Wanda kakarsa ke raye ya bi ta gona ya koyi sunayen ganyen nan, ni yanzu biyar ma da ƙyar nake kawowa.

Su nan da dankali da madara suke markaɗa Giersch ɗin, su sha da cokali kamar kunu. Ni ƙananan ganyen na zaɓa, masu sheƙi, don manyan sun yi gauri. Na soya albasa da attarugu a manja, na sa daddawa da niƙaƙƙiyar gyaɗa da busasshen kifi, ganyen ya shiga daga ƙarshe. Da tuwon semo muka ci. Dattijuwar ta yi hawayen yaji, amma ta ƙara.

Batun takardun zama da na yi muku alkawari, sai wata wasiƙar, har yanzu ina bin layi. Duk mai tahowa ya riƙo min busasshiyar kuɓewa.