Neman masu Gidan Makama

Ɗalibaina ne suka ja min wannan aikin. Na yi musu alkawarin rubuta tarihin Gidan Makama na Kano a shafi biyu kafin mu kai ziyara, ina ganin abu ne na yamma ɗaya: wane ya gina, wane ya gada, wane ya karɓa. Sai da na yi sawu huɗu.

Farkon labarin ba shi da wuya. Muhammadu Rumfa, sarki na 20 a jerin sarakunan Kano, ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma abin da aka gada a baki shi ne a nan ya zauna yana Makama, kafin ya hau gado ya gina Gidan Rumfa, fadar da ke can tsallaken fili. Daga nan lissafina ya rikice. Na tambayi wani dattijo da na samu a inuwar katanga, na ce, Baba, bayan Rumfa wa ya gaji gidan cikin 'ya'yansa? Ya dube ni ya ce ai yaro, wannan gidan rawani yake bi. Wanda aka naɗa shi ke shiga. Da Fulani suka karɓi Kano a zamanin jihadi, sarautar Makama ta koma hannun Joɓawa, zuriyar Fulanin da suka riƙe Wudil, gidan ya bi ta. Ashe tambayar tawa ce tun farko a karkace. Jerin masu sarauta ya kamata in nema, ni kuwa ina ta laluben magada.

Sai 1903. Turawa suka ci Kano a watan Fabrairu, Sarki Alu ba ya gari, aka naɗa Abbas, jami'ansu suka mai da gidan ofis na ɗan lokaci. Daga baya aka raba shi: wani sashe makaranta, wani gidan tarihi a hannun hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, wani kuma ya ci gaba da zama na Makama.

Kuskuren da ya fi ba ni kunya a kan ginin kansa ne. A rubutuna na farko na ce bangon da za ku taɓa ya haura shekara 500. Na karanta wa wani tsohon magini da muke sallah tare, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce ginin ƙasa damina ke cinsa, rani a rama masa. A sake yaɓe, a canza azarar da gara ta ci, a gyara indararo, a ta da zankon da ya faɗi. Da na koma sai na ɗaga kai a cikin soro, abin da ban yi ba a zuwa biyu na farko saboda ina ta kwafar rubutun jikin allo. Na ga bakan gizo ya taso daga bango ya haɗu a tsakiya, azara a jere a samansa kamar saƙar tabarma, ga sanyi kamar an buɗe randa alhali waje rana na dukan ka. Tsari da hannun magina ne suka tsufa a gidan nan, ƙasar kuwa ana ta sabunta ta. Na goge jimlar.

Na kuma koyi raba abin da ke rubuce da abin da aka ji a baki. Duk inda na ji ne kawai, sai in sa "an ce", ko da mai faɗar ya rantse. Wannan ya rage wa rubutun armashi, na sani, amma yara ne za su haddace.

Ranar ziyarar, ba su damu da shafukana biyu ba. Tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari da aka ajiye a ciki ne suka tsayar da su, har wata yarinya ta tambaye ni mutum nawa ke rufe ɗaya da magariba. Na ce ta rubuta tambayar, mu kai wa Baba.