Launin allo da idon mai rubuta manhaja

Duk yaron da ya zo koyon aiki a shagona nan Maradi, kafin ya rubuta layi ɗaya sai ya tambaye ni: "Maigida, wane edita ya fi kyau?" Edita ita ce manhajar da muke rubuta umarnin kwamfuta a cikinta, shi kuma kyan gani yake nufi. Ya ga hotunan allo baƙi wuluk da rubutu ja da kore da shuɗi, ransa ya biya. Ba na hana shi, don ni ma ido nake bi wajen zaɓe, sai dai abin da idona ke nema daban ne.

A gidan intanet na koyi wannan sana'a, ana biyan kuɗin awa, injin janareto na ruri a bakin ƙofa. Da edita mai suna Notepad na fara rubuta PHP, wani yaren rubuta manhaja, baƙin rubutu kan farin allo, komai kama ɗaya. Akwai daren da na buɗe alamar zance na manta ban rufe ba. Kwana uku ina bin layi da yatsa kamar mai tsince tsakuwa cikin gero. Wani yayana a sana'a ya sa mini Notepad++, wadda Don Ho ya fitar a 2003. Ina buɗe aikin sai na ga daga layin da na yi kuskure har ƙasa rubutun ya rine launi guda. Abin da ya hana ni barci kwana uku, launi ya nuna mini shi kafin shayina ya huce. Tun ranar ban ƙara ɗaukar launin edita a matsayin kwalliya ba.

Aikinmu shi ne manhajar lissafin kaya da littafin bashi ga ƴan kasuwa: masu shinkafa da sukari, masu atamfa, masu sayar da magani. A irin wannan aiki harafi ɗaya yana cin dukiya. Shi ya sa nake fara duba zanen haruffa kafin launi. Dole sifili ya bambanta da babban O, lamba 1 ta bambanta da ƙaramin l da babban I. Dole kuma ƙ da ɗ da ɓ da ƴ su fito da ƙugiyarsu, don sunayen masu bashi da Hausa muke shigar da su, kuma Ɗanladi ba zai karɓi rasit da aka sa masa akwatin banza a farkon sunansa ba. Da zanen haruffa mai suna DejaVu Sans Mono nake aiki saboda haka, na kuma ƙara girman rubutun, don mai zama awa goma gaban allo ya san ciwon da ke kama bayan ido da la'asar.

Baƙin allon nan da yara ke so, da dare yana da daɗi, ban musa ba. Amma shagona gabas yake kallo. A watan Afrilu, da hantsi, hasken rana na shigowa har kan tebur, baƙin allo ya koma madubi, fuskarka kake gani maimakon aikinka. Lokacin hunturu kuma ƙura ta kwanta a kai. Da rana ina komawa launi mai haske na Solarized, wanda Ethan Schoonover ya tsara a 2011 da launuka 16 kacal, farinsa kamar na madara, ba ya soka ido. In magariba ta yi na juya shi zuwa mai duhu.

VS Code, wadda Microsoft ta fitar a 2015, ita ce editar da ke kan babbar kwamfutata, kuma tana da kyau ƙwarai. Sai dai a kan Electron aka gina ta, wani tsarin gina manhaja mai nauyi, don haka tana cin ƙwaƙwalwar na'ura. A tsohuwar kwamfutar hannu ta gwanjo, in ka tara mata kayan ado sai ka danna harafi ya daɗe bai fito ba, batir kuma ya zube da an ɗauke wuta. Shi ya sa yarana a kan wata edita, Sublime Text, nake fara su. In aikin kan saba ne, wato kwamfutar da ke nesa wadda ake shiga ta intanet, Vim ta marigayi Bram Moolenaar nake buɗewa, ba ta da ado ko kaɗan amma ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne masu kwafe. Yaro zai sauke manhajar wani daga intanet, ya canza suna, ya je kasuwa ya buɗe allo mai walƙiyar launi gaban Alhaji. Sai Alhaji ya kira ni: "Malam, wancan jika talatin ya ce, kai kuma kana kiran jika ɗari biyu, ga nasa ma ya fi ƙyalli." Nakan ce, "Alhaji, Allah ya ƙara arziki, bari azumi ya zo." Bara wani babban mai sukari ya dawo mini ana saura kwana biyar salla, bashin mutum goma sha ɗaya ya haɗe wuri guda saboda manhajar ba ta gane ƙugiya ba, Ɓaidu da Baidu duk ɗaya ne a wurinta. Dare biyu muka yi ni da yarana biyu muna raba sunayen da tsohon littafinsa na takarda a gefe, har muka fitar masa da kowa da abin da ake binsa. Yanzu shagunansa uku duk mu ke riƙe da lissafinsu.