Asabar: ni da durowar Hajiya

Yau ban leƙa ko ƙofar gida ba. Tun da na idar da sallar asuba na ɗaura ɗamarar ganin bayan warin da ke tashi daga durowar da Hajiya ta aiko min da ita ranar Laraba, bayan Yaya ya saya mata sabon saiti. Ita ce dai wadda aka kai ta ɗaki da ita: katakon madaci, aljihu shida, ga madubi a sama da gefensa ya fara cin baƙi. Da kyar ƙarti biyu suka shigo da ita. Amma da ka ja aljihu sai wani wari ya doki hancinka, kamar ɗakin da aka kulle aka bar shi damina guda.

Ƙanwar maigidan, da ta kwana a wurinmu, cewa ta yi, "Anti, ki ɗora kasko kawai ki turara ta, yanzu za ki ji ta ɗau ƙamshi." Na ce a'a. Shekara da shekaru Hajiya na turara ta, ga inda aka kwana. Turaren wuta ba ya kashe fumfuna, lulluɓe ta yake yi. Kwana biyu ƙamshin ya lafa, su gauraya, kayan sawa su kwashe duka biyun.

Muka zare aljihunan muka fitar tsakar gida. Kafin nan sai da na sa alli na rubuta lamba a ƙasan kowanne, don aikin hannu ne, kowane aljihu da ramin da aka fere shi dominsa. A can ƙasa muka tarar da shimfiɗar jarida, shafukan Gaskiya Ta Fi Kwabo, sun yi jawur sun manne da katako. Akwai kashin kyankyasai, da guntayen kafur da suka zagwanye, da wani kwabo mai huji, irin wanda aka yi amfani da shi kafin zuwan naira a 1973. Kwabon na adana, jaridar kuwa sai da wuƙa muka kankare ta, domin rabin warin a jikinta yake.

Da muka juya uwar durowar ne na ga tushen abin. Bayanta filawud ne siriri, ya yi dabbare-dabbare da fumfuna, fara da kore-kore. Jingine take da bango tun fil azal, bangon ɗakin Hajiya kuma yana tsatsafo duk lokacin marka. Waje an yi masa folish yana sheƙi, ciki kuwa katako ne tsirara, duk laimar da ta zo shanye ta yake. Ga shi muna cikin Agusta, watan da ruwa ya fi sauka a Kano.

Na sa takunkumi, na bi ko'ina da busasshen buroshi, har lungunan da hannu ba ya kaiwa. Daga nan na haɗa ruwan khal da ruwa, rabi da rabi, ina tsoma tsumma ina matsewa sosai kafin in goga. Ba a kwarara wa katako ruwa, kumbura zai yi, aljihu ya ƙi komawa. Ƙanwar maigidan ta ɗauko bilic za ta tsiyaya a robar wai don ya fi ƙarfi, na riƙe hannunta. Bilic da khal in sun haɗu iska mai guba suke fitarwa, ta kama ƙirji da ido.

Muka jera aljihunan a ƙarƙashin rumfa inda iska ke kaɗawa, ba a tsakiyar rana ba, gudun kada su kantare. Ana kiran la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin, muka kwashe su a guje zuwa falo. Allah ya taimaka akwai wuta, na kunna musu fanka.

Bayan an ɗauke ruwa kafintan layinmu ya zo. Ya ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can, ya duƙa yana neman garin katako a ƙasa, alamar ƙwaro ko gara. Babu. Ya ce, "Hajiya, ki riƙe wannan da kyau. Na yanzu dusar katako ce aka danne da gam, ruwa na taɓa ta ta tashi aiki." Shawararsa ita ce a cire filawud ɗin baya gaba ɗaya a sa sabo, a bi cikin aljihunan da samfefa mai laushi, a kuma bar tazarar tafin hannu tsakaninta da bango. Maganar shafa folish a ciki ya ce a bari sai hunturu, in an shafa yanzu laimar za a rufe a ciki. Ya karɓi guntun kyandir ya goga a inda aljihu ke zamewa, wanda ɗazu sai da jijjiga yake fita ya koma sulɓi.

Da magariba Hajiya ta kira. "Kin zuba kafur dai ko?" Na ce, "Hajiya, ku yi haƙuri, kayan jariri za a sa a ciki." A wajen awo an ja mana kunne a kan wannan. Akwai jariran da ake haifa da ƙarancin wani sinadarin jini, G6PD, abin yana da yawa a ƙasar nan, ya fi kuma kama maza. Irin waɗannan yara kafur yana farfasa musu jajayen ƙwayoyin jini, sai shawara ta taso. Ta ce su da shi suka rene mu. Na ce haka ne, Allah ne ya tsare. Ba ta gamsu ba, amma ta bar zancen.

Maimakonsa gawayi na daddaka na ɗura a tsofaffin safa, kowane aljihu ɗaya, da ɗan murfi na bekin soda a gefe. Su zuƙe wari suke yi, ba su ƙara nasu. Turaren da kabbasa suna nan suna jira, ranar da na shinshina ban ji komai ba sai katako, ranar zan ɗora kasko.

Ɗazu na bi su ɗaya bayan ɗaya. Huɗun sama sun yi sauƙi ƙwarai, biyun ƙasa kam har yanzu da saura, su ne za su sha samfefa gobe in Allah ya kai mu. Kayan yara su ci gaba da zama a akwati. Bayana ya riƙe, tuwon dare ma ban tuƙa ba, sai gurasa da tsire maigidan ya shigo mana da su.