Mu daina ƙirga firiyod, mu ƙirga kawunan yara

Ni ke tsara jadawalin darasi a wata sakandaren jeka-ka-dawo a yankin Argungu, kuma har yau raina na ɓaci idan na ji an ce an raba wa malamai aiki daidai don kowa ya samu firiyod 24 a mako. Wannan lissafin ne ya kusa kwantar mana da malami mafi hazaƙa a makarantar.

Malamin lissafi yana shiga kowane aji sau 6 a mako, don haka aji 4 sun cika masa 24. Malamin ilimin zama ɗan ƙasa sau 2 yake shiga, sai ya ɗauki aji 12 kafin nasa ya cika. Ajinmu na ɗaukar yara 80, alhali tsarin ilimi na ƙasa 40 ya tanada. Ke nan na farko yara 320 gare shi, na biyu 960. A ba kowace takarda minti 2 kacal: ɗaya bai kai awa 11 ba ya gama maki, ɗayan awa 32. Gwajin cikin zango (CA) biyu da jarrabawa, sau uku ke nan a zango, ban da shigar da maki. A jadawali kuwa babu wanda ya fi wani.

Mai yara 960 ɗin bai taɓa kawo kuka ba, shi ya sa ba a farga da wuri ba. Sai makara ta fara, sannan tsawa da bulala daga mutumin da ba a san shi da su ba. Takardu ɗaure da roba suka cika ƙarƙashin teburinsa. Da na buɗe takardar makinsa, kusan kowane yaro 6 ko 7 cikin 10. Bai duba ba, daga ka ya rubuta. Har an fara maganar takardar tuhuma. Da muka keɓe na ce, "Malam, kana samun barci kuwa?" Ya daɗe bai ce uffan ba, sannan ya ce rabonsa da barcin kirki tun farkon zango.

Yanzu kafin na taɓa firiyod, sai na rubuta yawan ɗaliban kowane malami a gefen sunansa. Wanda ya haura 500 ba ya zama malamin aji, ba ya diyuti, kuma ana yanke masa aji biyu ko uku a ba malaman tarihi da 'yan bautar ƙasa. Gwaji ɗaya a zango na zaɓar amsa ne, yara su musanya takardu a yi maki a aji nan take. Ba a yi wa duk azuzuwansa gwaji a mako ɗaya. Kowa yana da firiyod biyu a jere na maki, kuma ba a tura shi ya tare ajin wanda bai zo ba. Wannan lokacin makin ne ya fi wuyar karewa, kullum sai an nemi a ci shi.

Malaman lissafi da Turanci sun yi gunaguni, sun ce an shagwaɓa wasu. Allon ofishin malamai na cika da alkaluman, gardama ta mutu. Masu zuwa duba makarantu dai har gobe firiyod suke ƙirgawa, don haka ina ajiye takardar kawunan a manne da jadawalin.

Jadawali ba ya biyan bashin banki, ba ya cire fargabar da ke zukatan malamai tun sace ɗaliban Birnin Yawuri a 2021. Idan an rage kaya amma rashin barci, rashin cin abinci da ƙuncin zuciya suka wuce mako biyu, a raka mutum wajen likita cikin sirri, ko da zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato ne, kuma a ba wani azuzuwansa kafin ya tafi.