Kama ɓarawo a ajin kalkulas

Duk wanda ya taɓa koyar da Foda Mas, wato lissafi mai zurfi, a aji shida na sakandare ya san halin da ake shiga in WAEC ta matso, yara sun gaji kai ma ka gaji, ga zafin Afrilu ga babu wuta balle fanka ta juya, kana rubuta dy/dx na kalkulas, lissafin yadda abu ke sauyawa, a allo kana jiyo hamma daga bayan aji. Bana dai na ce wallahi ba zan sake bitar nan ta tsaya a allo kai ta surutu ba, wasa za mu yi.

Na farko kati ne. Na samo kwali na yayyanka kamar katin Whot, kowa na ba shi ɗaya, wani fankshan ne a hannunsa, wato ƙa'idar lissafi irin x³, wani kuma diribetib, wato abin da ke nuna saurin sauyawar fankshan ɗin, sai ka tashi ka nemo abokin tafiyarka. Mai x³ ya nemo mai 3x², mai ln x ya nemo mai 1/x. Rigima ta ɓarke a kan cos x, don mutum biyu suka zo masa, mai sin x da mai −sin x, kowa na cewa nasa ne, na naɗe hannu na bar su sai da suka sasanta da kansu cewa mai alamar ragi ne ke da gaskiya, tunda diribetib ɗin cos x ake nema. Da gangan kuma na sa katin eˣ guda ɗaya tak, yaron da ya ɗauka ya zaga ajin nan sau uku sannan ya zo ya ce "Malam ni fa ba ni da kowa", na ce ai kai ne abokin kanka, don diribetib ɗin eˣ shi ne dai eˣ. Har yau gwauro suke kiransa.

Na gwada wasan tsere zuwa allo layi-layi, bai yi min ba sam, masu sauri huɗu ne suka cinye komai sauran suna ihu kawai.

Wanda ya fi shiga raina shi ne kama ɓarawo. Ni zan warware tambaya a allo, amma na ɓoye kuskure ɗaya a ciki, wanda ya kama yana da biskit, wanda ya yi min ƙazafi kuma shi zai goge allo. Dokar ƙazafin nan ita ta hana su harbin iska. Na fara da mai sauƙi, intigireshan, wato komawa daga diribetib zuwa fankshan, na ƙi sa +C ɗin da ake ƙarawa a ƙarshen amsa, nan take suka cafke ni. Sai na ba su (3x+1)⁵ a nemo diribetib ɗinsa na rubuta amsa 5(3x+1)⁴, aka yi tsit kusan minti biyu kafin wani ya tuna cen rul, dokar da ta ce a ninka da diribetib ɗin abin da ke cikin baka, ya ce Malam ka cinye 3 ɗin ciki, 15 ya kamata ya zama a gaba.

Sai tambayar lambu. Waya mita 40, za a kewaye fili gefe uku don na huɗun katanga ce, a nemo faɗin da zai ba da fili mafi girma. Na ɗauki faɗin a matsayin x, girman filin kuma A, na rubuta A = 40x − 2x² daidai, da na zo difarenshiyeshan, wato fitar da diribetib, sai na sa 40 − 2x maimakon 40 − 4x, amsa ta fito x = 20. Gwanayen gaba duk suna ta bin layi-layi ba su gani ba, wata yarinya da tun farkon zango ban taɓa jin muryarta ba ta ɗaga hannu a hankali ta ce "Malam, in faɗin ashirin ne ai gefe biyu sun cinye wayar duka, da me za a ja na ukun?" Ba ƙa'ida ta duba ba, lambun ta hango a ranta. Muka gyara tare, faɗi 10 tsawo 20, fili murabba'in mita 200. Gaskiya abin ya tsaya min, don shekara nawa ina ce musu ku duba ko amsarku ta yi hankali ba mai ji.

A tsakani na ɗan ba su labarin yadda Newton da Leibniz suka yi ta sa-in-sa kan wa ya fara gano kalkulas, da cewa wannan dx da dy da muke rubutawa na Leibniz ne tun 1684, wani ya ce to Malam a cikinsu wa ye ɓarawon.

Sati mai zuwa su za su rubuto amsoshin ƙaryar su kama junansu, biskit ɗin ma na ce a yi karo-karo don aljihuna ya fara ji a jikinsa.