Makonni uku ina zargin bakteriyar da ba ta da laifi

Har yau raina yana sosuwa idan na tuna makonni ukun da na ɓata a ɗakin gwaje-gwaje a Jos cikin hunturun bara, domin abin da ya hana ni ganin rabuwar Geobacillus stearothermophilus yana gaban idona tun ranar farko. Wannan bakteriya, wadda ake gwada ingancin tukunyar kashe ƙwayoyin cuta da ita a asibitoci, ta fi bunƙasa tsakanin digiri 55 zuwa 65, kuma a cikin kwalba ba ta taɓa ba ni matsala ba. Amma da zarar na ɗiga ta a gilashi, na ɗora bisa faifan ɗumamawa da na saita a digiri 60, sai ƙwayoyinta masu siffar 'yan sanduna su kwanta shiru kamar tsinkayen da aka zubar.

Na sauya mata abinci sau uku, na kuma zargi irin da aka ba ni. Wata safiya dattijon da ke kula da kayan aikin ya taɓa idon madubin duba ƙananan halittu (microscope), wato wanda ke dab da gilashin, da bayan hannunsa, ya ce, "Ɗana, faifanka da zafi, amma wannan ƙarfen sanyi ƙalau yake." Ashe man da nake ɗigawa tsakanin gilashi da ido mai ƙara girma sau 100 shi ne ya zame wa zafin hanyar tsira, ƙarfen da ya kwana cikin sanyin Jos yana zuƙe shi daidai inda nake kallo. Da na cusa siririn ma'auni a wurin, digiri 41 ya nuna.

Abin takaicin shi ne na riga na karanta yadda masu bincike a Ingila suka ɗauki hoton rabuwar Sulfolobus acidocaldarius, wata ƙaramar halitta mai son zafi, a digiri 75 a shekarar 2020, kuma sai da suka ɗumama samfurin ta sama da ta ƙasa. Na karanta, amma lambar da ke jikin faifan na yi ta gaskatawa.

Na koma ga ido mai ƙara girma sau 40 wanda ba ya buƙatar mai, na lulluɓe madubin da kwali da auduga, na bar shi sa'a guda ya ɗauki ɗumi, domin ƙarfe yana miƙewa da zafi, hoton ya riƙa dusashewa. Kada kuma a toshe gefen gilashi da basilin, narkewa yake yi.

Bayan la'asar ta wannan rana na ga sanda ɗaya ta yi tsawo, tsakiyarta ta tsuke a hankali, ta rabu gida biyu. Da gudu na je na kira Baba, dattijon nan, ya zo ya leƙa.