Hadarin damina da ƙurar nukiliya: inda lissafin kwamfuta ke tuntuɓe

Ranar 13 ga Fabrairun 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na nukiliya na farko a Reggane, kudancin Aljeriya, ƙurarsa kuwa ta iso har Cadi. Lokacin hunturu ne, babu ko yayyafi. Da a watan Agusta ne, da ruwa ya zubo da ita wuri guda, kamar yadda ya zubo da siziyom-137, wani sinadari mai fitar da hasken nukiliya mai cutarwa, daga haɗarin tashar nukiliya ta Cernobil a wasu yankunan Suwidin a 1986.

Hanya biyu ruwa ke wanke iska. A cikin gajimare, tururi na taruwa a jikin burbushin ƙurar har ya zama ɗigo. A ƙarƙashinsa, ɗigon da ke faɗowa na kwashe abin da ya ci karo da shi, sai dai burbushi mai girman mikiron 0.1 zuwa 1 (mikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) yakan zille masa, ya bi iska ta gefen ɗigon. Abin damuwar, siziyom da ya yi tafiya mai nisa galibi a wannan girman yake.

Manhajojin kwamfuta masu hasashen inda ƙura za ta bi, irin su HYSPLIT da FLEXPART, suna ɗaura saurin wankewa da ƙarfin ruwa. A wani ma'auni da aka saba amfani da shi, ruwan milimita 1 na awa guda na sauke kusan kashi 30 cikin ɗari na ƙurar, na milimita 10 kuwa kusan kashi 90.

A nan ne damuwata take. Kowa a Marwa ya san hadarinmu: ya taso daga gabas, ya jiƙa unguwa ɗaya sharkaf, ta kusa da ita ko ɗigo. Manhaja kuwa tana yanka ƙasa gida-gida, kowane gida wajen kilomita 25, wata manhajar kuma takan baje ruwan daidai. Ruwan milimita 40 da ya sauka cikin awa guda a kashi ɗaya cikin goma na gidan sai ya koma milimita 4 ko'ina. Lissafi zai ce kashi biyu cikin uku na ƙurar sun sauka, alhali kashi goma cikin ɗari ne kacal, kuma dukkansa a kan gonaki da rijiyoyi ƙalilan, inda siziyom zai shekara 30 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi.

Ga kuma ruwan farkon damina da ke ƙafewa a sama kafin ya taɓa ƙasa. Yana mayar da burbushin cikin iska, amma manhajar da ba ta lissafa ƙafewa ba za ta ce ya sauka. Don haka kafin a amince da taswirar da kwamfuta ta zana wa Garwa ko Njamena, a gwada ruwan da aka ba ta da na ma'aunan ruwa na ƙasa, awa-awa, ba jimillar yini ba.